In ka ji ciwo a wurin aiki kuma kamfaninku ba shi da likita, ga yadda za ka yi

Yawancinmu nan Garwa da Marwa ƙananan kamfanoni muke wa aiki, babu ɗakin magani balle likita, shi ya sa mutum ke zaton in ya ji rauni aljihunsa ne kawai zai sha wuya. Ba haka bane. Dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta ɗora wa patron, wato mai kamfani, kula da lafiyar ma'aikata, in ba zai iya ajiye likita ba sai ya haɗa kai da wasu kamfanoni ko ya ƙulla yarjejeniya da wani asibiti a gari, na gwamnati ko na kuɗi. Toh tun kana lafiya ka tambaya wane asibiti ne naku, kuma an yi maka rajista a CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ko ba a yi ba, ka riƙe lambarka a waya.

Ranar da abin ya faru ka sanar da shugabanka nan take, a gaban shaida in da hali. Patron na da kwana 3 na aiki ya kai rahoto CNPS. Hatsarin hanya ma yana cikin hatsarin aiki, in tsakanin gida da wurin aiki ne.

A asibiti kuwa nan ne mutane ke cutar kansu wallahi. Wani ƙanena mai walda, ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa ido, patron ya lallaɓa shi ya ce ka ce musu a gida ne, ni zan biya komai, shi kuma don kunya ya yarda, aka biya ordonans ɗin farko, wato takardar sayen magani, shikenan ba a sake ɗaga wayarsa ba, har yau idon na zubar ruwa in ya shiga rana. Ka faɗa wa likita gaskiya, wane aiki, ƙarfe nawa, wace na'ura, ya rubuta a takardar shaidar farko, wadda suke ce wa sertifika medikal. Tarin ƙurar auduga ko siminti ma ka ambaci shekarun da ka yi kana shaƙa.

Karne (littafin asibiti), resi na kowane magani, hoton radiyo (X-ray), duk ka ɗauke su a waya ka adana na asali a leda. In patron ya yi burus, doka ta baka damar kai rahoton da kanka cikin shekara 3, amma kar ka jira, ka wuce ofishin sufeton aiki da takardunka tun shaidunka ba su bar kamfanin ba.