Yadda Malaman Firamare Za Su Horar da Junansu Don Taimakon Yaran da Karatu Ke Yi wa Wuya

A firamaren cikin birnin Katsina ko ta ƙauyukan Rimi da Batagarawa, ba a rasa yaron da ya kai aji huɗu yana bin baki. In aji ya ɗauki karatu da murya ɗaya, tasa ce a sama. Ka ware shi ka ɗora yatsa kan kalma guda, sai ya yi tsuru-tsuru. Bitar kwana uku da hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, ke kira tana da amfaninta, kuma shirin koyar da karatu da lissafi na RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara ya bar littattafan Hausa da dabaru masu kyau. Sai dai hannu ba ya faɗawa a kwana uku. Abin da ke gyara koyarwa shi ne zaman da malaman makaranta ɗaya ke yi duk mako, su gwada abu, su kai shi aji, su dawo da sakamako. Ga yadda ake tsara shi.

Mataki na 1: A kafa zaman

Hedimasta ya tara malaman aji ɗaya zuwa uku da malamin Hausa, mutum huɗu zuwa takwas. A tsayar da rana guda, misali Alhamis bayan an tashi, minti 45. Jagora shi ne wanda ya fi iya koyar da karatu, ko da ba shi ne babba ba. A sanar da jami'in da ke zagaya makarantu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Kowane zama dabara ɗaya tak za a ɗauka, kuma maganar albashi da ƙarin girma ta jira a waje.

Mataki na 2: A koyi auna yaro

Zama biyu na farko na wannan ne. A yanka kwali huɗu. Na farko haruffa 50 a gauraye, ba bisa jerin abacada ba, don yara sun haddace jerin kamar waƙa. Na biyu gaɓoɓi 30. Na uku kalmomi 20, rabinsu ƙagaggu marasa ma'ana irin su nuzo, kemu, ɗoli. Waɗannan su ke tona asirin mai hadda, tunda bai taɓa jin su ba, dole ya haɗa su da kansa. Na huɗu ɗan labari mai kalma 40 zuwa 50 da tambayoyi huɗu.

Kowane kwali minti ɗaya. In yaro ya tsaya daƙiƙa uku, a nuna masa na gaba. In ya kasa goman farko duka, a dakata a wuce da shi cikin fara'a. Kafin a taɓa yara, malamai su gwada a kan junansu, sannan mutum biyu su saurari yaro ɗaya, kowa ya yi makinsa a ɓoye, a kwatanta. Da farko za a ga bambanci mai yawa, galibi saboda wani yana tausaya wa yaro yana ba shi amsa da leɓe. Sai makin ya zo kusa da juna za a auna sauran.

Mataki na 3: Malami ya gyara bakinsa

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan aka fi tsallakewa. Malamai da dama suna kiran haruffan Hausa da sunan Turanci, bi, si, di. Yaron da aka koya wa cewa c sunansa "si" zai ga ci ya ce si. Wasu kuma suna liƙa wa kowane baƙi wasalin a, su ce ba, ka, ma. Ranar da yaro ya haɗu da ku, sai ya karanta "ka-u". Abin da ake so shi ne sautin baƙin a gajarce, sannan a aura masa wasali a gaban yaro: k da u, ku.

A zauna a bi haruffa masu lanƙwasa da kalmomi bibbiyu: kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Malamin da ke rubuta ƙ ba lanƙwasa a allo shi ke shuka ruɗanin. Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gw, ƙw sauti ɗaya ne kowannensu, a kati ɗaya za a rubuta su, kada a raba.

Sai batun Katsinanci. Yaron da ya ga fita ya ce "hita", ko ya ga fara ya ce "hwara", ya karanta daidai, da harshen gidansu ya furta. A ba shi makinsa. Daidaitacciyar Hausa a darasin rubutu ake gyara ta. Haka nan rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na tuwo da gari na mutane suke kama ɗaya, haka kuka ta miya da kuka na hawaye. Irin waɗannan kalmomi a cikin jimla ake ba da su.

Yawancin yaranmu sun riga sun san babbaƙu da farfaru daga makarantar allo, wato sun san baƙi yana canza murya in an sa masa wasali. A gina a kan wannan. Abin lura kawai shi ne alƙiblar karatu: wanda ya saba daga dama zai iya ganin an ya ce na. Ɗigo babba a hagun layi, inda yatsa zai fara, yana magance wannan.

Mataki na 4: A raba rukuni, a tsara darasin

Da sakamakon awo ake rabawa, ba da aji ko shekaru ba. Akwai waɗanda ba su san haruffa ba, akwai masu sanin haruffa da ba sa iya haɗawa, akwai masu karatu da ƙyar har su manta farkon jimla kafin su kai ƙarshe. Rukuni kada ya wuce yara takwas, minti 25, kwana huɗu a mako. Kada a sa wa rukuni sunan da zai zama abin tsokana.

Ga rukunin farko: minti 3 na wasan kunne, a tafa gaɓoɓin kalma ko a nemo sautin farko; minti 5 na maimaita tsofaffin haruffa; minti 7 na sabon harafi; minti 5 na haɗawa; minti 5 na rubutu a ƙasa ko a allo. A fara da a, n, k, m, s, i. Da su kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, sani, makani tun a makonnin farko. B da d kuwa a sa aƙalla mako biyu tsakaninsu, ɓ da ɗ su biyo baya. Murafun kwalba da aka rubuta wa haruffa sun isa kayan aiki. Rukuni na uku maimaita gajeren labari ɗaya sau uku suke buƙata, kowa shi kaɗai, sannan ya faɗi abin da ya faru da bakinsa.

Tsarin kowane sashe shi ne malami ya yi, a yi tare, yaro ya yi shi kaɗai. Na ukun ne ake yawan cinyewa, alhali shi ne karatun.

Mataki na 5: A gwada darasi, a kalli juna

A kowane zama mutum ɗaya ya koyar na minti 10, sauran su zama yara, har da mai yin kuskure da gangan. A nan ake koyon gyara: kada a faɗa wa yaro kalmar nan take, kada a bari aji ya yi masa caa. A mayar da yatsa harafin farko, ya furta, ya haɗa, ya sake karanta jimlar. Bulala kuwa ƙara masa tsoro kawai take yi.

Sau ɗaya a mako biyu, abokin aiki ya shiga ajin wani da takarda. Abu biyu zai ƙirga: yara nawa suka karanta su kaɗai, da minti nawa malami ya yi yana magana. Bayan darasi ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da za a gyara. In aka mayar da takardar nan rahoton sufeto, malamai za su fara shirya darasin ganin ido, amfanin ya tafi.

Mataki na 6: A sake awo bayan mako shida

Da kwalayen farko za a sake. Wanda ya ci gaba ya sauya rukuni. Wanda ya tsaya cik, a fara duba rajista, don talla da ranar kasuwa da aikin gona a damina suna cin kwanaki. A duba ko yana matse ido in yana kallon allo, ko yana juyo kunne ɗaya, a shawarci iyaye su kai shi asibiti. A tambaya ko Fulatanci ake yi a gida, domin wannan ƙarin hira da Hausa yake buƙata kafin baƙi.

In duk wannan lafiya, yaro yana da kaifin baki da lissafi amma sauti da harafi sun ƙi zama, yana iya zama larurar da ake kira disleksiya. Ba daƙiƙanci ba ne, kuma ƙwararru ke tabbatar da ita. Abin da ke hannun malami shi ne ya rage rukunin zuwa yara biyu ko uku, a zauna kullum, sabon harafi ɗaya a mako, yaro yana furtawa yana zana shi a yashi. A kira mahaifi ko mahaifiya ta hannun kwamitin makaranta, a ba su kati biyar da yayansa zai riƙa bi da shi minti 10 bayan magariba.