Yadda ake gasa bratwurst ya dahu har ciki ba tare da ya fashe ba

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin tashar jirgin ƙasa ko kasuwar ƙarshen shekara a Jamus ya san wannan ƙamshin: hayaƙin gawayi da kitse na ɗiga a kan wuta. Bratwurst ke nan. Niƙaƙƙen nama ne da kitse da gishiri da kayan ƙamshi, a ɗura su cikin hanji, a ƙulle. Sunan ya samo asali daga kalmar Brät, wato naman da aka niƙa, da Wurst, wanda mu muke kira sosej. Abincin ya daɗe, domin tun shekarar 1313 aka ambace shi a takardun birnin Nuremberg, kuma akwai wata takarda ta 1404 daga garin Arnstadt da mutanen jihar Thuringia ke alfahari da ita.

Gasa shi kuwa ba wuya, amma mutane da yawa kan ɓata shi ta hanya ɗaya: su ɗora shi a kan wuta mai ci, waje ya yi baƙi ƙirin, fata ta tsage, ruwan ya tsiyaye, a yanka a tarar ciki ɗanye. Gaggawa ce ke jawo haka. Ciki ake fara dafawa a hankali, launin waje kuma a ƙarshe ake nemansa.

Kafin komai, karanta jikin ledar

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci ga Musulmi. Bratwurst na asali yawanci naman alade ne. Ƙananan nan na Nuremberg, masu tsawon santimita 7 zuwa 9, da doguwar ta Thuringia, duk da alade ake yinsu, don haka ba namu ba ne. Amma akwai na sa, na maraƙi, na rago, da na kaza ko talotalo, kuma shagunan Turkawa da na Larabawa a biranen Jamus suna sayar da masu tambarin halal.

Ga kalmomin da za ka nema: Schwein alade ne, Speck kitsensa ne, Rind sa, Kalb maraƙi, Lamm rago, Geflügel naman kaji da danginsu. Kada ka tsaya a kan babban rubutun gaba. Sosej na iya zama na kaza a suna, amma an haɗa masa kitsen alade don ya yi laushi, ko kuma an ɗura shi a hanjin alade. Idan ka ga Schweinedarm, ajiye shi. Saitling ko Schafsaitling hanjin tunkiya ne. Kuma ko duk kayan na sa ne, maganar yanka tana nan, shi ya sa tambarin halal ko mahaucin da ka amince da shi ya fi kwanciyar hankali.

Abu na biyu da za ka duba shi ne ko ɗanye ne ko an riga an turara shi. Ɗanyen, wanda ake rubuta wa roh, ja-ja ne, yana da taushi idan ka danna, kana ganin gutsattsarin nama da kitse ta cikin fata. Wanda aka riga aka dafa a ruwan zafi, gebrüht, fari ne fat, ya ɗan yi tauri. Shi wannan ɗumamawa kawai yake buƙata da launi, minti 8 zuwa 10 sun ishe shi. Ɗanyen ne ke neman kulawa, kuma shi ya fi daɗi idan aka iya shi.

Shiri

Idan daga firiza ya fito, sauke shi zuwa firiji tun daren jiya ya saki da kansa. Daskararren sosej a kan garwashi asara ce. Kafin gashi sai ka goge shi da tsumma mai tsabta ko takardar kicin, ka shafa masa mai kaɗan.

Kada ka huda shi. Na san hannu na ƙaiƙayi, mutum ya ɗauki cokali mai yatsu ya sossoke wai don kada ya fashe. Ai kitsen da ke ciki shi ne daɗin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sosej mai kyau kitse ne, kuma kowane huji ƙofa ce da zai bi ya gudu. Ya zuba kan garwashi, wuta ta tashi, ta lashe fatar, kai kuma a bar ka da busasshen nama. Abin da ke fasa sosej zafi ne mai yawa lokaci guda: ruwan ciki ya zama tururi, nama ya kumbura, fata kuma ta tsuke. Rage wuta shi ne magani.

Turarawa a ruwan zafi

Wannan ita ce dabarar da ke cire fargaba, musamman ga mai koyo ko wanda zai ciyar da baƙi da yawa. Yanka albasa biyu manya ka zuba a tukunya, ka sa ruwa ko romon nama wanda zai rufe sosej ɗin, da gishiri kaɗan, ƙwayoyin masoro da ganyen bay idan akwai. Bari ya tafasa albasar ta yi laushi, sannan ka rage wuta har tafasar ta kwanta gaba ɗaya. Ruwan da ake so shi ne mai tururi, wanda ƙananan kumfa ke tasowa jefi-jefi daga ƙasa, wajen digiri 75 zuwa 80 na Celsius. A nan za ka sa sosej, ka bar shi minti 10 zuwa 15 gwargwadon kaurinsa.

Idan ruwan na ɓararraka, fata za ta tsage, kitse ya taso saman tukunya, ka yi wa ruwa daɗi ka bar nama salam.

A jihar Wisconsin ta Amurka, inda Jamusawa da yawa suka yi ƙaura a ƙarni na 19, garin Sheboygan ya yi suna da wannan abinci, kuma can a giya da albasa suke turara shi. Ba a rasa komai idan an bar giyar. Romo da albasa da cokali ɗaya na ruwan khal suna ba da ɗan tsamin da ake nema. Su kansu mutanen yankin Franken na Jamus suna da wani girki, Blaue Zipfel, inda ake dafa bratwurst a ruwan khal da albasa a ci shi haka, ko wuta bai gani ba.

Kada ka zubar da albasar. Tsame ta ka soya da man shanu ta yi ja, ita za ka ɗora a kai daga baya. Shi kuma sosej ɗin a tsane shi sosai, don jiƙaƙƙen abu ba ya yin launi.

Gaskiya Bajamushe ɗan Thuringia zai harare ka idan ya ga ka tsoma ɗanyen bratwurst a ruwa kafin gashi. Shi kai tsaye yake ɗorawa a kan gawayi, kuma yana da hujja, domin ƙamshin hayaƙi ya fi shiga ɗanyen nama. Idan kana da haƙuri da ido, bi tasa hanyar. Ni dai ranar da mutane suka yi yawa, turarawa nake fara yi.

Wuta

Hura gawayi ka jira. Ba a ɗora komai sai harshen wuta ya mutu, garwashin ya yi ja, farar toka ta lulluɓe shi. Wannan kan ɗauki minti 20 zuwa 30. A Nuremberg itacen beech suke so, a Coburg kuma da busassun 'ya'yan itacen pine ake gashin, amma gawayi mai kyau na kowane itace ya wadatar. Abin gudu shi ne kananzir, warinsa ba ya barin nama.

Tura garwashin gefe guda, ka bar ɗaya gefen babu komai a ƙarƙashin wayar gashi. Ka samu wuri biyu ke nan, mai zafi da mai sauƙi. Ka lura da mai tsire: ba ya cusa tsinkensa cikin wuta, kewaye ta yake yi da su, zafi na ratsa nama daga gefe. Haka ake so a nan. Don gwada zafin, ɗaga tafin hannunka kamar taƙi ɗaya sama da wayar. Idan ka iya ƙirga biyar ko shida kafin ka janye, daidai ne. Idan a biyu ka janye, wutar ta yi yawa.

Shafa wa wayar mai don kada fata ta manne. Ɗanyen sosej a gefen mai sauƙi zai fara, a rufe da murfi idan akwai, ana juyawa duk bayan minti 3 ko 4. Mai kauri zai ci minti 15 zuwa 20 a haka. Sai ya yi ƙarfi, ya kumbura, fatar ta fara sheƙi, sannan a matsar da shi kan garwashi na minti biyu ko uku ya yi ja ta kowane gefe. Wanda aka turara kuwa kai tsaye zai tafi matsakaiciyar wuta, minti 5 zuwa 7.

Da abin kamawa mai baki biyu ake juyawa, ba da abu mai tsini ba. Idan kitse ya ɗiga wuta ta tashi, janye naman gefe har ta lafa. Kada ka watsa ruwa, toka ce za ta tashi ta bi abincin.

Launin da ake nema ja ne mai duhu irin na soyayyar albasa, ba baƙi ba.

Ya dahu?

Launin waje ba shaida ba ne. Idan kana da ma'aunin zafin nama, soka shi ta ƙarshen sosej zuwa tsakiya: digiri 71 ga na sa ko na rago, 74 ga na kaza da talotalo. Wannan ba tsanani ba ne. Niƙaƙƙen nama ya bambanta da tsoka guda, domin injin niƙa yana kai ƙwayoyin cutar da ke saman nama har cikin tsakiyarsa, don haka dole zafi ya kai can. Idan babu ma'auni, sadaukar da guda ɗaya, mafi kauri, ka yanka. Ciki ya zama ya haɗe, yana tururi, ruwan da ke fita garau ne ba ja ba.

Sauke su a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna a kai ba, ka bar su minti biyar. Idan ka yanka nan take, ruwan a faranti zai ƙare.

Idan babu gawayi

Kasko ma yana yi, kuma cikin sanyin hunturun Turai shi ne abokin tafiya. Jera sosej a kasko mai kauri, ka zuba ruwa kamar rabin kofi da cokali ɗaya na mai, ka rufe a kan matsakaiciyar wuta. Ruwan zai turara shi cikin minti 8 zuwa 10. Buɗe murfin ka bari ruwan ya ƙone, man da ya rage da kitsen da ya fito su soya shi, kana juyawa har ya yi ja. Tukunya ɗaya, aiki biyu.

A oben kuma, digiri 180 zuwa 200, minti 20 zuwa 25, a juya sau ɗaya. Ba shi da ƙamshin hayaƙi, amma idan guda talatin za ka yi, babu kamarsa.

Sauran dangi

Ba kowane sosej ne ke son wannan tsarin ba. Merguez na Arewacin Afirka, wanda ya cika shagunan Faransa da Beljiyam, siriri ne, na rago ko sa, ja saboda barkono da harissa, wani yaji na yankin. Shi ba a turara shi, kai tsaye a wuta, minti 8 zuwa 10, kuma yana zubar da mai sosai, don haka a tanadi gefen da babu garwashi. Sucuk na Turkawa busasshe ne mai tafarnuwa: a ɓare fatar, a yanka fale-fale, a sa a kasko ba mai, ya fitar da nasa, a fasa ƙwai a kai. Minti biyu ko uku kawai, in ya wuce haka sai ya koma kamar fata. Boerewors na Afirka ta Kudu a naɗe yake zuwa kamar gammo, a haka ake gasa shi, a soke shi da tsinke biyu a gicciye don ya juyu gaba ɗaya. Ban da na ma'aunin zafi, nan ne kaɗai na yarda da huji. A tambayi mahauci, domin wasu na haɗa shi da alade. Weisswurst na Munich kuwa ba a gasa shi sam, a ruwan zafi ake ɗumama shi a ɓare fatar, sai dai na asalin akwai kitsen alade a ciki duk da ana kiransa na maraƙi.

A ci da me?

Jamusawa ba sa wahalar da kansu. Ƙaramin burodi mai ɓawo, sosej ya leƙo ta gefe biyu, a shafa Senf, wato mustad, shi ke nan. A Nuremberg uku ake jerawa a burodi ɗaya, suna ce masa Drei im Weggla. Idan a faranti ne, sai a haɗa da kabeji mai tsami da suke kira Sauerkraut, ko kwaɗon dankalin turawa. Burodi mai zaƙi da laushi ba ya riƙe shi, jiƙewa yake yi ya dagargaje, sai dai a ɗan gasa shi a gefen wayar tukuna. Yajin ƙuli da ɗanyar albasa da tumatir kuwa sun karɓi bratwurst na sa ƙwarai, ko da Bajamushe zai yi mamaki.

Wanda ya rage a sa shi a firiji kafin awa biyu, a cinye cikin kwana uku. Washegari a yanka shi ƙanana, a ɗumama a kasko, a dafa tumatirin gwangwani da albasa da sukari kaɗan da ruwan khal da garin kori, a kwarara a kai, a ƙara barbaɗa korin. Wannan shi ne Currywurst, wanda wata mata mai suna Herta Heuwer ta fara sayarwa a rumfarta a Berlin a 1949, kuma da soyayyen dankali ake cinsa.