Darasi Na Tara: Tare Zafi a Ƙarƙashin Daɓen Siminti

Duk wanda ya taɓa kwanciya a kan daɓen siminti cikin hunturu ya san yadda yake zuƙe ɗumin jiki. Shi ya sa ake shimfiɗa tabarma. Tabarma ba ta kawo zafi, hana siminti shanye ɗumin mutum take yi. Ku riƙe wannan, domin a kansa darasin yau ya tsaya.

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, irin su Jamus da Koriya ta Kudu, gidaje da yawa daga daɓe ake ɗumama su. Mutanen Koriya sun daɗe da wannan dabara: a da can hayaƙin murhun girki suke bi da shi ta ƙarƙashin duwatsun da ke shimfiɗe a ɗaki, suna kiranta ondol. Yanzu ruwan ɗumi ake turawa cikin siririn bututun roba da aka binne a daɓe. Ruwan ba ya tafasa, yawanci digiri 35 zuwa 45 ne, saman daɓen kuma ba a so ya wuce digiri 29 a ɗakin zama.

To, zafi bai san sama ko ƙasa ba, inda sanyi yake nan yake nufa. Idan aka kwantar da bututun a kan kankare tsirara, wani kaso na zafin zai nutse cikin ƙasa, maigida yana ta biyan kuɗin gas, ɗaki bai ɗumama ba.

Maganin abin shi ne allon kumfa. Kun san farin abin nan marar nauyi da ake tokare sabon talabijin da shi a cikin kwali? Danginsa ne, sai dai na gini ya fi tauri, yana ɗaukar nauyin daɓe da kayan ɗaki.

Da farko a share kankaren tsaf, a kankare duk wani tudu, saboda allon da ya hau kan tsakuwa zai yi lilo, daɓen ya tsage daga baya. Sai a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshi, a ɗora bakin wata kan wata, a liƙe da salatif, a ɗaga gefenta ta hau bango. A kan ledar ake jera allunan, masu kaurin santimita 10 ko abin da mai zanen gini ya rubuta. A matse su sosai kada a bar kafa. Nan ne magini mai gaggawa yake yin ha'inci, ya cusa guntaye a lungu ya ce ai ba mai gani. Gaskiya ne ba mai gani, amma kwaɓin siminti zai iya zurara ta kafar ya sauka har kan ledar da ke kan kankaren ƙasa, zafi kuwa ta nan zai riƙa tsiyayewa muddin gidan yana tsaye.

Jikin bango ma a zagaye shi da siririn soso mai kaurin kusan santimita 1. Daɓe yana buɗewa kaɗan idan ya ji zafi, soson ne ke ba shi wurin motsi.

Bayan an ƙara leda a kan allunan, sai a kafe bututun, tsakanin layi da layi santimita 15 zuwa 20. A cika shi da ruwa, a matsa ruwan da ƙarfi a ciki, a tabbata ba ya yoyo tun kafin a rufe shi. Sannan a zuba kwaɓin yashi da siminti mai kaurin santimita 6.5 zuwa 7.5. Masu tura baro su shimfiɗa katako su bi ta kai. Kada a kunna zafi sai daɓen ya yi aƙalla kwana 21, kuma a fara da ruwa mai digiri 25, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Aikin gida: ɗaki yana da tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Allo ɗaya tsawonsa mita 2.4, faɗinsa mita 1.2. Alluna nawa za a saya, idan an ƙara guda ɗaya saboda yanke-yanke? Ku rubuta lissafin a littafinku, ku kawo wa malami a zama na gaba.