Yadda Ake Kare Tankin Man Jirgin Sama Daga Gobara

Matasanmu na unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango da ke samun aiki a filin jirgin saman Accra, wasu a wajen shayar da jirage mai, wasu a wajen gyara, ya kamata su fara da sanin abu guda: tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakken tanki haɗari. Abin da ke fashewa shi ne tururin da ke taruwa a sararin da ke saman man. Wuta kuwa kamar tukunya ce a kan murhu, sai duwatsu uku sun haɗu take zama, wato tururin mai, da iskar oksijin, da tartsatsi. Duk dokokin da aka shimfiɗa a wannan fanni ƙoƙari ne na janye ɗaya daga cikin duwatsun nan.

An koyi darasin ne da rayukan mutane. A ranar 17 ga Yuli, 1996, jirgin TWA 800, ƙirar Boeing 747, ya tarwatse kimanin minti 12 bayan tashinsa daga birnin New York na Amurka, mutum 230 suka rasu. Bincike ya nuna cewa tankin tsakiya, wanda ke cikin jikin jirgin tsakanin fikafikai biyu, yana ɗauke da ɗan mai kaɗan, na'urorin sanyaya ɗaki da ke ƙarƙashinsa sun daɗe suna aiki a ƙasa har suka ɗumama shi, sannan ana kyautata zaton cewa wutar lantarki mai ƙarfi ce ta shiga ta wayoyin ma'aunin mai. Irin wannan fashewa ta auku tun jirgi bai tashi ba a Manila a 1990 da Bangkok a 2001, dukansu a jirgi ƙirar Boeing 737.

A fara da zafi, domin shi ne ya fi shafarmu. Man jirgi da ake kira Jet A-1 dangin kananzir ne, kuma bisa ƙa'ida bai kamata ya fitar da tururin da zai kama wuta ba sai zafinsa ya kai digiri 38 ko fiye. Wanda ya taɓa tsayawa a kan kwaltar filin jirgin Accra da tsakar ranar watan Maris, zafi na ratsa tafin takalminsa, ya san cewa tazarar da ke tsakaninmu da wannan adadi ba ta da yawa. Saboda haka idan jirgi zai daɗe a ƙasa, ya fi kyau a sanyaya shi da na'urar sanyi ta ƙasa idan akwai, maimakon a bar nasa na'urorin suna gasa tankin tsakiya.

Wajen zuba mai, kafin a taɓa mesa, sai a maƙala wayar da ke haɗa jikin tanka, wato motar dakon mai, da jikin jirgi a wurin da aka tanada, kuma ita ce ta ƙarshe da za a cire. Dalili shi ne, mai idan yana gudu cikin mesa yana tara wutar gogayya, irin wadda ke tartsatsi idan mutum ya tuɓe rigar leda a cikin duhu lokacin hunturu. A watannin Disamba da Janairu, da iska ke bushewa, wannan wuta ta fi taruwa. A duba bakin maƙalar da ido, domin idan tsatsa ko fenti ya shiga tsakani, wayar ta zama ado kawai. Mai zuba mai yana riƙe da makunni a hannunsa wanda da zarar ya sake shi mai zai tsaya, kuma ɗaure shi da igiya ko danne shi da wani abu don a huta hannu ganganci ne da ba shi da uzuri. A ajiye tanka ta yadda za ta iya fita gaba ba tare da komawa da baya ba, tukunyar kashe gobara na kusa, a nisantar da wayar hannu daga ramukan da tanki ke numfashi a ƙarshen fiffike. Idan hadari ya taso da walƙiya, ko mai ya zube a ƙasa, a tsaya nan take a sanar da na gaba. Mutanen Accra ba su manta da gobarar gidan mai ta daren 3 ga Yuni, 2015 a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ba, da abin da mai da ya malala a kan ruwa ya jawo.

Aikin makanike shi ne ya fi buƙatar haƙuri, domin kuskurensa yana iya kwanciya shekaru kafin ya bayyana. Bayan hatsarin TWA, hukumar jiragen sama ta Amurka ta fitar da doka a 2001 mai suna SFAR 88, wadda ta tilasta wa masu ƙera jirage sake binciken duk hanyar da tartsatsi zai iya shiga tanki. Daga nan littattafan gyara suka zo da wuraren da aka yi wa alamar CDCCL, ma'ana siffar da ba a yarda a sauya ta ba ko kaɗan. Idan littafi ya ba da tazara tsakanin wayar ma'aunin mai da wayar da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi, a mayar da ita yadda take, da irin maƙalar da aka cire. A ƙirga kayan aiki kafin shiga tanki da bayan fitowa, domin guntun waya ko tsumma da aka manta yana iya shiga famfo. Tocila ma sai wadda aka ƙera don wurin tururi. Idan fis ɗin famfon mai ya faɗi, kada a mayar da shi sai an gano dalilin faɗuwarsa. Matuƙa kuma su kashe famfon tankin tsakiya idan man ya ƙare, domin famfon da ke juyawa a bushe yana ɗaukar zafi.

Dutse na uku shi ne oksijin. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari. Dokar Amurka ta 2008 ta sa jirage da dama suka sami na'urar da ke tace iskar inji, ta tura mai yawan naitirojin cikin tanki har oksijin ya sauko zuwa kimanin kashi 12, inda tururin ba ya iya kamawa. Wannan na'ura, a ganina, ita ce babban ci gaban da aka samu, amma ta zo da nata haɗarin ga mai gyara, domin naitirojin ba shi da wari ko launi, kuma mutum zai iya suma ba tare da ya ji alamar komai ba. Kafin kowa ya sa kai cikin tanki, sai a kashe na'urar a rataya mata alama, a busa iska mai tsabta, a auna tururi da oksijin da ma'auni, sannan a tsayar da mutum a bakin ƙofar tankin wanda ba zai gusa ba har abokin aikinsa ya fito.