Darasi na Bakwai: Sabon Batir Mai Daɗewa da Caji

Kusan kowace wayar hannu tana aiki ne da batirin litiyam, irin wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayarwa a shekarar 1991. Batirin yana da ɓangare biyu, da ruwan sinadari a tsakaninsu. Idan aka sa waya a caji, ƙwayoyin litiyam sukan ratsa ruwan su taru a ɓangare guda, idan kuma ana amfani da ita sai su koma inda suka fito, wannan kai-komon ne yake ba wayar wuta.

Ɓangaren da suke taruwa an saba yin sa da girafait, wato baƙin ma'adinin nan da ke cikin fensir. Yanzu masana sun koma ga silikon, wanda ake samu daga yashi, domin yana iya ɗaukar litiyam kusan ninki goma na abin da girafait mai nauyi daidai da nasa zai ɗauka. Sai dai yana da illa babba: idan ya sha litiyam yakan kumbura ya ninka girmansa kusan sau uku, bayan an yi caji da yawa kuma sai ya tsattsage. Dabarar da aka samo ita ce a cuɗa silikon kaɗan da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da girafait. Da haka ne kamfanoni irin su Honor da Xiaomi suka fitar da wayoyi masu batir mai 6000 mAh ba tare da wayar ta ƙara kauri ba.

Ya kamata mai karatu ya san haruffan nan, mAh, domin su ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa, kuma ana rubuta su a jikin kwalin waya. Wayoyi da yawa suna da 4000 zuwa 5000. A motar lantarki kuwa kWh ake rubutawa, yawan adadin kuma yana nufin tafiya mai nisa kafin a sake caji. Kamfanin Toyota yana aikin batirin mota wanda daskararren abu zai maye gurbin ruwan cikinsa, don rage haɗarin gobara.

Sabon batir ma zafi yana lalata shi. Kada a bar waya a rana, kada a sa ta ƙarƙashin matashi tana caji. Idan bayanta ya kumbura, a kashe ta a kai wa mai gyara, kada a soke batirin da komai.