Yadda Yaranmu Za Su Ci Moriyar Ƙungiyar Malaman Kiɗa a Amurka

Shekara biyu cur ina kai 'yata darasin fiyano kowace Laraba da yamma, a wata unguwa da ke arewacin Kolombus ta jihar Ohayo, ban san malamarta tana cikin wata ƙungiya ba. In sauke ta, in zauna a mota rabin awa, ƙarshen wata in biya kuɗi. Ran nan ana tsuga ruwa sai na shiga falon in jira, idona ya faɗa kan wata takarda manne a bayan ƙofa, an jera ranaku tun daga Satumba har Mayu. Na ce, "Malama, wannan fa ta mece ce?" Ta ce kalandar ƙungiyarsu ce ta malaman kiɗa na yankin, kuma ai ta saka mana irinta a jakar yarinyar tun farkon shekara. Da muka koma gida na zazzage jakar. Ga takardar can a ƙasa ta yamutse, an riga an wuce abubuwa huɗu daga ciki.

Saboda wannan takardar nake rubutun nan, domin iyayenmu da ke zaune a Amurka waɗanda suka riga suka sa yaransu koyon fiyano, ko gogen Turawa, ko sarewa. Na san akwai gidajen da ba su yarda da kiɗa ba sam, kuma ina girmama wannan. Maganata da wanda ya riga ya fara ce, yana biyan kuɗin darasi wata bayan wata, amma yaron bai taɓa kaɗawa a gaban kowa ba sai bangon falo.

A gida, kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yana tashi yana bin mahaifinsa gidan biki da fadar sarki, yana riƙe kalangu, yana cikin 'yan amshi, kafin wata rana a ba shi gaba. Da jama'a yake koyo tun ranar farko. A nan kuwa yaro shi kaɗai yake da malaminsa a ɗaki, minti talatin a mako. Wannan giɓin ne malamai suka haɗu suke cikewa. Uwar ƙungiyar tasu, Music Teachers National Association, wadda kowa ke kira MTNA, an kafa ta a 1876 a garin Delaware na nan Ohayo, bai kai tafiyar awa ɗaya daga gidana ba, a ƙarƙashin jagorancin Theodore Presser. Hedkwatarta yanzu tana Sinsinati. Tana da reshe a kowace jiha, a ƙarƙashin jihohi kuma akwai ɗaruruwan ƙananan rassa na gari-gari. Wannan ƙaramin reshen shi ne naku, shi ke shirya yawancin abin da yaro zai shiga.

Abu na farko da za ku riƙe: malami ne ɗan ƙungiya, kuma ta hannunsa ake yi wa ɗalibi rajista. Ba za ku tashi ku cika takarda da kanku ku kai yaro ba. Don haka in kuna neman malami, bayan tambayar kuɗi da nisan gida, ku tambaye shi kai tsaye: kana cikin ƙungiyar malamai ta yankin nan? Waɗanne abubuwa kake sa ɗalibanka a shekara? Wasu za ku ga haruffa NCTM bayan sunansu, wato sun sami shaidar ƙwarewa ta ƙasa daga MTNA. Akwai malamai nagari da ba su da ita, amma wanda ba ya cikin kowace ƙungiya, ƙofofi da yawa a rufe suke ga ɗalibinsa. In kuwa kuna da malami tuni, ku nemi kalandar a watan Agusta, kafin a koma makaranta. Ranar rufe rajista takan riga ranar taron da makonni, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa.

Shawarata ita ce a fara da ƙaramin taron da suke kira risaital. Babu alƙali, babu maki. Yara goma sha biyar ko ashirin na malamai daban-daban, kowa ya hau ya kaɗa abu ɗaya, a tafa masa, ya sauka. Namu na farko a zauren wani ɗakin karatu aka yi, ranar Lahadi da rana. Yarinyar tana da shekara tara. Ta hau, ta rusuna yadda aka koya mata, ta fara lafiya lau. Tana tsakiya sai hannunta ya tsaya cak. Ina layi na uku ina kallon bayanta, ina ganin kafaɗunta sun ɗaga. Shiru ya yi kamar daƙiƙa biyar, ni kuwa ji nake kamar an shekara. Sai ta ɗage hannu, ta sauke shi a wani wuri can gaba, ta ƙarasa. A mota na ce, "Ya aka yi kika tuna?" Ta ce, "Umma, ban tuna ba. Malama ta sa mini alama huɗu a littafin, ta ce in na ɓata kada in koma farko, in tsallaka alama ta gaba." Wannan dabarar ba a sanin amfaninta a falo. Sai an tsaya a gaban mutane.

Daga nan sai matakin da ake auna yaro amma ba a gwada shi da kowa. A nan ne nake so ku daɗe, domin nan ne yawancin yara za su fi amfana. Sunayen sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma malamai da yawa suna cikin ƙungiya fiye da ɗaya, don haka kalandar takan haɗa shirye-shiryen wasu ƙungiyoyin.

Wanda muka fi shiga shi ne bikin shekara-shekara na National Federation of Music Clubs, tarayyar ƙungiyoyin kiɗa ta ƙasa da aka kafa a 1898. A wajenmu ƙarshen hunturu ake yi. Ɗalibin fiyano yana kawo kiɗa biyu da ya haddace: ɗaya daga jerin da ƙungiyar ta fitar na matakinsa, wanda mawallafan Amurka suka tsara, ɗaya kuma zaɓinsa da malaminsa. Ana ba da daraja hawa biyar. Mafi girma tana da maki 5, ta biye 4, har zuwa 1. Makin yana taruwa shekara bayan shekara, in ya kai 15 a ba yaro kofin zinare na farko, a 30 na biyu wanda ya fi girma, haka har sama. Ma'ana, ko yaro ya fi kowa iyawa, sai ya yi shekara uku kafin ya riƙe kofin farko. Ina son wannan tsarin ƙwarai. A shekara ta biyu, lokacin da yarinyar ta gaji ta ce ita ta daina, abin da ya riƙe ta shi ne saura maki biyar.

Na biyu shi ne jarrabawar ƙungiyar malaman fiyano ta National Guild of Piano Teachers, wadda Irl Allison ya fara a 1929, hedkwatarta a Ostin ta jihar Teksas. Nan yaro shi kaɗai yake shiga ɗaki da alƙali ɗaya, iyaye na waje. Ana karkasa su da yawan abin da suka kawo: biyu ko uku matakin gari, huɗu zuwa shida na gunduma, bakwai zuwa tara na jiha, goma zuwa sha huɗu na ƙasa, sha biyar zuwa ashirin na duniya. Kada sunan ya ruɗe ku, babu inda ake tafiya, duk a garinku ake yi. A fito da takardar sakamako da 'yar ƙaramar lambar maƙalawa a riga. Yaron da taron mutane ke firgita shi, wannan ya fi masa sauƙi. Waɗanda ke Kalifoniya kuma suna da nasu tsarin, Certificate of Merit, na ƙungiyar malaman jihar, wanda ya haɗa kaɗawa da rubutacciyar jarrabawar ƙa'idojin kiɗa da gwajin kunne.

Ko wanne kuka shiga, abin da ya fi kofi da lamba daraja shi ne takardar alƙali. Malami ne baƙo, bai san yaronku ba, ya saurare shi minti goma ya rubuta abin da ya ji. Tamu ta farko da fensir aka rubuta: hannun hagu yana danne na dama, a sassauta shi, tana sauri duk inda ya yi mata sauƙi. Malamar ta yi wata shida tana faɗin haka, amma sai da baƙo ya rubuta yarinyar ta yarda. Ku ajiye takardun nan a fayil ɗaya. Ku karanta su tare da malamin a darasi na gaba, ba a mota ba, lokacin da yaron bai gama hucewa ba.

Ga ƙananan abubuwan ranar, waɗanda babu mai gaya muku sai kun yi tuntuɓe da su. A tafi da littafin kiɗa na asali, domin ba a karɓar kwafin da aka ɗauka a inji, kuma ana iya hana yaro shiga saboda shi. A rubuta lambar gaɓar kiɗan a farkon kowane layi da fensir don alƙali ya iya cewa "gaɓa ta 24". A yanke farce. Takalmi marar tsini, wanda yaron ya riga ya gwada taka fedar ƙasan fiyano da shi a gida. Mai sa hijabi ko mayafi, a kama gefensa da fil ta baya. Na ga mayafi ya zame ya rufe hannun wata yarinya tana tsakiyar kiɗa. A iso da minti ashirin a hannu. Ba a shiga ko fita sai tsakanin ɗalibi da ɗalibi, kuma ba a tafiya don naka ya gama, sai kowa ya yi. Mai goge ko sarewa yakan buƙaci wanda zai raka shi da fiyano, kuɗinsa daban, kuma sai an yi gwaji tare kafin ranar.

Sau da yawa a coci ake yin tarukan nan, saboda nan ne ake samun babban fiyano da zaure a araha. Aron wuri ne kawai, ba ibada ake yi ba, amma gara ku sani tun da wuri ku yanke shawara a gida. Taron Disamba yakan cika da kiɗan Kirsimeti. Na gaya wa malamar tun farko, ta zaɓa mana wani abu dabam ba tare da wata magana ba. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo a Maris, daidai lokacin jarrabawa. Na roƙa a ba mu lokacin safe tun wajen rajista, aka ba mu. Da na bari sai an fitar da jadawali, da ya yi wuya.

Gasa ta gaske kuwa wata duniya ce. Ta MTNA tana da rukunin 'yan 11 zuwa 14, da 15 zuwa 18, da 19 zuwa 26. Ana rajista a Satumba, a fara a matakin jiha, wanda ya ci ya wuce shiyya, daga nan ƙarshe a babban taron ƙungiyar na ƙasa. Yaran da ke zuwa nan awoyi suke yi a kan fiyano kullum. Ban hana kowa ba, amma na ga iyaye sun tura ɗan shekara goma sha ɗaya kafin ya nuna, ya dawo ya rufe fiyanon bai sake buɗewa ba. Ku bari malamin ya fara kawo maganar. Akwai kuma gasar tsara sabon kiɗa, wadda ke karɓar yara tun daga shekara 5. In naku mai son ƙirƙiro nasa ne maimakon bin littafi, ku faɗa wa malamin.

Sauran abubuwan kalandar kada a raina su. Akwai ranar da ake gayyato babban malami daga jami'a ya gyara wa ɗalibi uku ko huɗu a gaban jama'a. Ko ba a zaɓi naku ba, ku je ku zauna, sau da yawa kyauta ne. Akwai kiɗan mutum biyu a fiyano ɗaya, inda 'yata ta sami ƙawar da har yau suke tare. Akwai zuwa gidan tsofaffi a kaɗa musu, wanda makarantun sakandare da yawa ke lissafawa cikin awoyin hidimar al'umma, kuma yana shiga takardar neman jami'a.

Maganar kuɗi. Rajistar risaital da bikin shekara a wajenmu ba ta kai kuɗin darasi ɗaya ba. Abin da ke da nauyi shi ne darasin kansa da sansanin bazara, irin na Interlochen a jihar Mishigan. Rassa da yawa suna da ɗan asusun tallafi don irin wannan, da kyauta ga 'yan ajin ƙarshe da za su karanci kiɗa a jami'a. Akwai kuma gidauniyar MusicLink, wadda ke haɗa yaran da iyayensu ba su da hali da malaman da suka yarda su rage kuɗinsu sosai. Mu mutane ne masu kunyar tambaya, na sani. Amma malamar ta taɓa gaya mini cewa akwai shekarar da kuɗin tallafinsu ya kwana saboda babu wanda ya nema. Sau da yawa wanda ya riga ya shiga tarukan reshen ake fara dubawa, wannan ma dalili ne na farawa da wuri.

In an nemi iyaye masu taimakawa, ku ba da suna. Aikin bai wuce zama a bakin ƙofa da jerin sunaye, ko kai takardu daga ɗakin alƙali zuwa teburin lissafi. A nan na san sauran malamai, a nan na ji labarin wanda ke sayar da fiyanonsa da araha, aka kuma haɗa ni da mai gyaran sautinsa.

Yarinyar yanzu shekararta sha huɗu, kofi ɗaya a kan kanta, saura kaɗan na biyu. Autana ya fara bana. Kalandar wannan shekarar tana jikin firji, na zagaye ranakun rufe rajista da jan biro, kuma duk Laraba in sun dawo ni nake fara buɗe jakar.