Yadda za ku karrama malamin kwalejin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aji

A Kano, farfesa idan ya ajiye aiki akan cika zaure a yi ta jawabai. Malamin kwaleji kuwa, na CAS (kwalejin share fagen shiga jami'a) ne ko Legal (kwalejin shari'a da addinin Musulunci) ko Poly (kwalejin kimiyya da fasaha) ko kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, sau da yawa sai dai ka ji a bakin mutane cewa ya yi ritaya. Alhali shi ne ya riƙe yaron da bai samu gurbin jami'a ba, da matar auren da ta dawo karatu da goyo, da ma'aikacin da ke shigowa aji a gajiye. Idan ku tsofaffin ɗalibansa ne kuna son ku yi masa wani abu, ku yi tun yana raye yana jin ku. Ga hanyar da za ku bi.

Ku fara da ƙaramin kwamiti, mutum biyar zuwa bakwai, daga shekaru daban-daban, kuma lallai da mata a ciki. A naɗa ma'aji mai amana, duk abin da ya shigo ko ya fita a sanar a zauren WhatsApp. Rigimar kuɗi ita ke kashe irin wannan shiri tun bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Sai ku je gida ku gaishe shi, ku nemi izininsa. A nan ne aikin yake. Idan kuka ce, "Malam, me kake buƙata?" amsar da za ku ji ita ce, "Babu komai, Allah ya yi muku albarka." Kunya da kawaici ba za su bar shi ya faɗa ba. Don haka ku bi ta gefe. Matan kwamiti su shiga ciki wajen Hajiya, maza su zauna da babban ɗansa ko amininsa. A nan za ku ji gaskiya: wataƙila garatuti bai fito ba, ko kuɗin maganin hawan jini da ciwon suga na cinye fansho, ko rufin ɗaki na yoyo da damina, ko akwai autan da ke jiran kuɗin rajista. Ni dai ina ganin kashi mafi tsoka na abin da aka tara nan ya kamata ya tafi. Allon yabo da ake rataye wa a bango yana da kyau, amma ba ya sayen magani. Wannan taimakon kuma a kai shi a asirce, ba a gaban kyamara ba, ba kuma a ambata a wajen taro ba. Rufin asirinsa na cikin girmama shi.

Abu na gaba, ku tattara tarihinsa. Mutum biyu su zauna da shi da waya suna naɗar murya: inda ya yi allo, firamaren da ya shiga, kwalejin horon malamai idan ya bi ta can, shekarar da ya fara riƙe alli, darussan da ya koyar, malaman da suka yi masa tasiri. Ku nemi tsofaffin hotuna da takardun darasin da ya rubuta da hannunsa. Ɗalibai su aiko da gajerun labarai na abin da ya yi musu, takamaimai, kamar wanda ya biya wa kuɗin jarrabawa ko wadda ya je har gida ya roƙi mijinta ya bar ta ta ƙarasa. A buga ɗan littafi da Hausa don iyalinsa da maƙwabta su iya karantawa, a ajiye kwafi a laburaren kwalejin.

Wajen taro, ku rubuta wa shugaban kwalejin ta ofishin magatakarda ku nemi zaure, in son samu ne kusa da ajin da ya saba shiga. Ranar 5 ga Oktoba ita ce Ranar Malamai ta Duniya, ta dace idan ba ta ci karo da jarrabawa ko azumi ba. In ba haka ba, Asabar da hantsi ta isa, a tashi kafin Azahar. A tanadi wurin zaman mata da iyalinsa a gaba.

Ku kula da masu magana. Manyan baƙi da 'yan siyasa a yi musu maraba, amma kada a bar su da makirufo har taron ya koma nasu. Bayan addu'a, ɗalibai uku ko huɗu su yi magana a taƙaice, abokin aikinsa ɗaya ya biyo, sannan a ba Malam lokaci isasshe. Shi aka zo saurare.

Kyautar fili ba sai ta yi tsada ba: shadda mai kyau daga kasuwar Kantin Kwari a ɗinka babbar riga da hula, idan malama ce leshi ko atamfa da mayafi. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a bar sunansa yana aiki. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin siyasa, ya rasu a 1983, ga shi har yau kwalejin Legal na ɗauke da sunansa, gidansa na Mambayya a Gwammaja kuma ya zama cibiyar bincike. Ku ba sai kun kai nan ba. Kyautar ɗalibin da ya fi hazaƙa a fanninsa duk shekara, ko biya wa marayu biyu rajista da sunansa, abu ne da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya ɗauka. Sanya sunansa a aji ko zaure kuwa sai da amincewar hukumar kwalejin, don haka ku shigar da buƙatar da wuri.

Idan Allah ya riga ya karɓi ransa, tsarin bai sauya sosai ba. A yi masa addu'a, a duba matansa da marayunsa, a haƙa rijiyar burtsatse ko a zuba littattafai a laburare a matsayin sadakatul jariya.

Kafin kwamiti ya watse, a karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, sannan a raba watanni tsakanin ɗalibai: wane da wance su ziyarce shi wannan wata, wasu wata mai zuwa, kowa da kowa kuma da Sallah.